Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Yadda Za Ka Koma Kan Tsari Idan Hutu Ya Kauce Da Kai

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, wato aikin rage girman tumbin da abinci ke sauka a ciki, yakan yi watanni yana bin doka sau da ƙafa: ƙaramin kwano, tauna a hankali, ruwa kurɓi-kurɓi, ƙwayoyin bitamin kowace safiya. Sai Sallah ta zo, ko bikin ƙanwa a Tambuwal, ko Umra, ko hutun makaranta da aka kwashi yara zuwa Kaduna wajen dangi. Cikin 'yan kwanaki tsarin ya watse. An sha lemon kwalba, an ci masa da miyar taushe, an yi ta tsintar cincin da dubulan a faranti, bitamin kuwa suna can ƙasan jaka ba a ko taɓa su ba. A dawo Sakkwato a hau sikeli a ga ƙarin kilo biyu ko uku, sai gaba ya faɗi. Kuɗin da aka kashe a Indiya ko Masar ko Legas, da wahalar da aka sha, duk sun tafi a banza ke nan?

Ba su tafi ba. Mako ɗaya ko biyu na kauce wa tsari ba ya rushe tiyata. Abin da ke yi wa mutane illa shi ne yadda suke ɗaukar makonnin da ke biye. Wani ya shiga horar da kansa da yunwa har ya galabaita. Wani kuma ya ce tun da an riga an ɓata, bari a ci gaba, sai hutun kwana goma ya zama halin wata shida. Wannan jagora ta shafi waɗannan makonni ne, ga mace da namiji, kuma idan abin da likitan da ya yi maka aiki ya rubuta maka ya saɓa da wani abu a nan, nasa za ka bi, domin shi ya san irin aikin da ya yi.

Mataki na farko: tabbatar ba asibiti ya kamata ka nufa ba

Kafin maganar kilo, a duba lafiya. Tambaya ta farko ita ce yaushe aka yi aikin. Idan ba a cika mako shida zuwa takwas ba, ɗinkin ciki bai gama warkewa ba, shi ya sa ake bi da mutum daki-daki daga ruwa-ruwa zuwa niƙaƙƙen abinci, zuwa mai laushi, kafin mai tauri. Wanda ya ci tsire ko tuwo a wannan tsakanin matsalarsa ta wuce ta ƙiba, ya kira likitansa a ranar ya faɗa masa abin da ya ci. Zazzaɓi, bugun zuciya da ya haura 120 a minti, ciwon ciki mai tsanani, ciwo a kafaɗar hagu, ko numfashi sama-sama, suna iya zama alamar ɗinki ya yi yoyo. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Ko da an yi shekaru da aikin, akwai alamomin da ba a jira a ga yadda za su kasance. Aman da ya wuce kwana ɗaya. Kasa riƙe ko da ruwa a ciki. Ciwon ciki mai murɗawa da ya ƙi lafawa, musamman ga wanda aka yi wa baifas, wato irin aikin da ake haɗa 'yar jakar tumbi da hanji kai tsaye, domin hanji na iya sarƙewa ko bayan shekaru. Baƙin bayan gida ko aman jini. Sai kuma wanda ya sha doguwar tafiya a zaune, ko a jirgi daga Jidda ko a mota daga Abuja ta Funtuwa da Gusau, ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe: gudan jini ne ake tsoro. A tafi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, da takardun tiyata a hannu.

Da ka isa, abu na farko da za ka faɗa shi ne an yi maka tiyatar rage ƙiba, kuma wace iri. Silib ne, wanda ake cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, ko baifas, wanda ake barin 'yar jaka da ba ta fi ƙwai ba a haɗa ta da hanji kai tsaye. Kada kunya ta sa ka ɓoye. Idan ka yi kwanaki kana amai, ka tuna wa likita batun bitamin B1. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, amai na ƙarar da shi cikin 'yan makonni, kuma ƙarin ruwa mai sukari ba tare da shi ba na iya jawo lahani a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ruɗewa, ganin abu biyu-biyu, tangaɗi wajen tafiya, ko ƙafafu su riƙa mutuwa, duk alamun ƙarancinsa ne.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, alhamdu lillahi, sai a wuce.

Mataki na biyu: fahimci abin da sikeli ke nunawa

Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kusan kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Kafin mutum ya tara kilo uku na kitse zalla a mako guda, sai ya ci rarar sama da kalori 3,000 kowace rana a kan abin da jikinsa ke ƙonawa. Mai ƙaramin tumbi da wuya ya kai nan. Mafi yawan abin da ka gani ruwa ne. Idan ka ci shinkafa da masa da zaƙi bayan ka daɗe kana taƙaita su, jiki yana ajiye sukarin a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe kusan giram uku na ruwa. Gishiri da dunƙulen miyar biki su ƙara nasu. Dogon zama ya kumbura ƙafa. Sauyin wuri da ƙarancin ruwa su sa bayan gida ya yi tauri ya zauna.

Don haka ka hau sikeli sau ɗaya da safe washegarin dawowa, bayan ka kewaya, kafin ka ci komai. Rubuta lambar, ka ajiye sikelin sai bayan mako guda. Hawa safe da yamma babu abin da yake ƙarawa sai damuwa.

Akwai wani tsoron da ya fi na kilo yawa a zukata, wato tumbin ya buɗe. Mutum ya tuna ya shanye kofin fura cike, ya ci cincin ba adadi, bai ji ƙoshi ba, sai ya yanke cewa aikin ya lalace. Dalilin ba shi ke nan ba. Abinci mai ruwa-ruwa ko mai narkewa a baki, irin su kunu, fura, biskit, cincin, alkaki da askirim, wucewa yake yi ba ya tsayawa, shi ya sa ba ya ƙosarwa komai yawansa. Ranar da ka zauna da tsokar kaza ko dafaffen ƙwai biyu ka ci su da farko ba tare da ruwa ba, za ka ji iyakar tana nan inda take. Gaskiya ne tumbi na ɗan ƙara ɗauka a hankali cikin shekara ta farko da ta biyu, wannan sananne ne kuma likitoci na sa ran hakan, amma ba Sallah ɗaya ke yin sa ba.

Mataki na uku: ruwa, tun daga ranar da ka sauka

Da ruwa ake farawa. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, a hunturu kuma iska na busar da mutum bai sani ba. Wanda aka rage wa tumbi ba ya iya kwankwaɗar kofi biyu a tashi ɗaya ya rama, sai dai ya bi a hankali yini guda. Bushewar jiki na daga cikin manyan dalilan da ke mayar da masu wannan tiyata gadon asibiti.

Abin da ake so shi ne lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, a lokacin zafi ma fiye. Zuba a gora ka riƙe ta kusa, kurɓa ɗaya ko biyu kowane 'yan mintuna. Hanya mai sauƙi ita ce a raba da lokutan salla: leda ɗaya daga Asuba zuwa hantsi, ɗaya kafin Azahar, ɗaya tsakanin La'asar da Magariba, ta ƙarshe bayan Isha'i. Fitsari ne shaida. Idan ya yi duhu kuma kaɗan ne, ba ka kai ba.

Lemon kwalba ya tsaya daga yau. Gas ɗinsa na kumbura ciki, kuma kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 na ɗauke da sukari kusan giram 37, kimanin ƙaramin cokali tara. Lemon malt, zoɓon sayarwa, kunun zaƙi da shayin mai shayi da aka tula wa madarar gwangwani mai zaƙi duk layi ɗaya suke. Idan bakin ya ƙi ruwa zalla, a dafa zoɓo a gida da citta da kanumfari ba sukari, ko a matsa lemon tsami kaɗan. Sannan dokar da hutu ya fi saurin karyawa ta dawo: ba a sha a kan abinci, kuma a jira minti 30 bayan an gama. Ruwa a kan abinci na tura shi gaba da wuri, yunwa ta dawo kafin lokacinta.

Mataki na huɗu: kada ka hori kanka

A nan ne na fi jin tsoro, domin a nan ne mai niyya mai kyau ke cutar da kansa. Mutum ya dawo da jin laifi sai ya ce yau da gobe ba zai ci komai ba sai ruwa. Jikin da dama abin da yake samu kaɗan ne, idan aka hana shi furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da kifi da ƙwai, tsoka yake ci. Ga jiri, ga kasala, zuwa dare kuma yunwa ta yi ƙarfin da za ta kai hannu ga abin da ya fi kusa, wanda galibi shi ne ragowar cincin ɗin Sallah.

Haka shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, da filasko da sauran magungunan wankin ciki. Abin da suke fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, kitse na nan. Ga wanda ke fama da shan isasshen ruwa a garin da ake zafi irin namu, gudawar ganganci haɗari ce. Akwai kuma wani tsarin kwana biyar da ke yawo a intanet, wai a koma ruwa-ruwa kamar farkon tiyata don tumbi ya sake tsukewa. Babu hujjar da ta nuna yana tsuke tumbi, kuma ruwa-ruwa shi ne abincin da ya fi kasa ƙosarwa. Idan likitanka da kansa ya sa ka a wani tsari na 'yan kwanaki saboda dalilin da ya gani, wannan daban.

Batun azumi na buƙatar a yi shi da natsuwa. Bayan Ƙaramar Sallah mutane da yawa na ɗaura niyyar Sitta Shawwal, wasu na Litinin da Alhamis, kuma alheri ne. Amma likitocin wannan fanni galibi na ba da shawarar a dakata da azumi a shekarar farko bayan tiyata, wasu har wata 18, saboda tsakanin buɗa-baki da sahur ƙaramin tumbi ba ya iya ɗaukar ruwa da furotin da magungunan da jiki ke buƙata. Wanda ya wuce wannan lokaci ya tambayi likitansa, ya tambayi malaminsa game da rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗauki azumi a mayar da shi bulalar dukan kai saboda masar da aka ci.

Mataki na biyar: abinci na gaba, furotin da farko

Komawa kan tsari ba ya jiran Litinin ko farkon wata. Daga abincin da ke gabanka yake farawa, kuma tsarin da ka sani ne, ba wani sabo mai tsanani ba. Sau uku a rana a kan lokaci, da ɗan abin tsakani sau ɗaya ko biyu wanda ka tsara tun da safe.

Abin da ake nema shi ne furotin giram 60 zuwa 80 a rana, sai dai in an ƙayyade maka wani adadi. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Dafaffiyar tsokar kaza mai giram 100 na ba da 25 zuwa 30, kifi kuma 20 zuwa 25. Kofin madara na da kusan 8. Da wannan lissafi za ka ga abin ba ya buƙatar kayan kanti masu tsada, kasuwarmu ta wadatar.

Da safe, dafaffen ƙwai biyu, ko alale mai ƙwai ko kifi a ciki. Da hantsi, ƙaramin kofin kindirmo ba sukari, daga wurin da ka amince da tsabtarsa. Da rana, farfesun kifi ko na kaza, a fara da tsokar, romon ya zo daga baya bayan an huta, da ɗan kwaɗon zogale ko rama a gefe. Da dare, miyar kuka ko kuɓewa da naman da ya dahu ligif, sai loma biyu ko uku na tuwo idan wuri ya rage. Awara na da kyau idan an sa ta a miya maimakon a soya ta cikin mai. Wake ma haka, a dafa shi ya yi laushi sosai, a fara da kaɗan don yana kumbura wa wasu ciki.

Jerin yana da muhimmanci ƙwarai: nama ko kifi ko ƙwai, sannan ganye, sannan tuwo ko shinkafa a ƙarshe. Mu kuwa mun saba da akasin haka, tuwo ne abinci, nama kuma a ajiye shi gefen kwano sai an gama. Wanda aka yi wa tiyata idan ya bi wannan sabo, tuwo zai cika wurin kafin a iso ga naman.

A kan nama akwai abin lura, musamman bayan Babbar Sallah. Soyayyen naman layya da ya kwana biyu a tukunya, da kilishi, da tsiren da ya bushe a kan wuta, furotin ne, amma su ne suka fi tsaya wa mutum a ƙirji. Idan za a ci naman layya, a mayar da shi cikin miya ya sake dahuwa har ya saki. Dambun nama ya fi sauƙin tauna, sai dai mai ya yi masa yawa, cokali biyu ya isa. Idan abu ya tsaya, ka ji nauyi a ƙasan ƙirji yawu na taruwa, dakata da ci, kada ka tura da ruwa, tashi ka ɗan zagaya. Yawanci yana wucewa ko ya fito. Idan sa'o'i sun wuce ko ruwa ba ya shiga, asibiti.

Ka koma ƙaramin kwanonka da ƙaramin cokali. Loma ƙarama, tauna har ta zama kamar kunu, ajiye cokali tsakanin loma da loma. Minti 20 zuwa 30 ya isa, abin da ya rage a ɗauke. Ka sake sauraron alamun ƙoshi da hayaniyar biki ta sa ka daina ji: ɗan matsi a ƙasan ƙirji, shaƙuwa, gyatsa, wasu ma atishawa ko yoyon hanci. Da ɗaya ta zo, an gama, ko da loma ɗaya ce ta rage.

Fura da nono kuwa, ba sai an rabu da ita har abada ba, don a Sakkwato wannan magana ba za ta karɓu ba. A wannan makon dai a sha nonon shi kaɗai. Daga baya a dama fura kaɗan, nono ya fi yawa, ba sukari, a ƙaramin kofi, a lissafa ta a matsayin abinci guda, ba abin kashe ƙishi ba.

Mataki na shida: raba tsaraba

Hutu kan biyo mutum gida a cikin jaka. Dabinon Madina, cakulan na filin jirgi, bokitin dubulan da nakiya daga gidan biki. Muddin suna ɗakinka, hannu zai riƙa kai musu, ɗaya yanzu, biyu an jima. Wannan ciye-ciyen tsakani shi ne babbar hanyar da ƙiba ke dawowa bayan tiyata, domin ƙaramin tumbi na hana cin mai yawa a zama ɗaya, amma ba ya hana cin kaɗan-kaɗan daga safe har dare.

A raba a ranar farko ko ta biyu. Maƙwabta, surukai, almajiran unguwa, abokan aiki, dama tsaraba tasu ce. Abin da ya zama dole a bari saboda yara, a ba uwargida ko wani ya kulle a inda ba ka gani. Sannan ka yi kwana bakwai kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka, da lokacinsa, a waya ko a takarda. Rubutun ne zai nuna maka inda ɓarakar take. Ga mutane da yawa hirar bayan Isha'i ce, inda ake zaune ana shayi.

Mataki na bakwai: bitamin, da abin da ake karɓowa a kemis

Idan ka yi kwanaki ba ka sha ba, ci gaba daga yau da adadin da aka rubuta maka, kada ka ninka don ramuwa. Maganin ƙarin jini da kalsiyam ba sa tafiya tare, a raba su da aƙalla awa biyu, kuma kada a sha na ƙarin jini da shayi, don shayi na rage shigarsa jiki. Kalsiyam ɗin da aka fi rubutawa, giram 1.2 zuwa 1.5 a rana, rarraba shi ake yi sau biyu ko uku domin jiki ba ya ɗaukar sa gaba ɗaya. Mai karɓar allurar B12 duk wata uku ya duba ko lokacinta ya wuce yana hanya. Mata masu jinin al'ada su fi kowa kula da na ƙarin jini. Ƙwayoyin da suka kwana a mota cikin rana har suka narke ko suka sauya launi, a sake wasu.

Gajiyar hanya kan kai mutum kemis ya ce a haɗa masa maganin ciwon jiki. A cikin haɗin nan sau da yawa akwai ibuprofen ko diclofenac ko piroxicam, kuma waɗannan na jawo gyambon ciki ga wanda aka yi wa tiyata, musamman baifas. Kada ka karɓi ƙwayar da ba ka san sunanta ba. Farasitamol shi ne wanda aka saba amincewa da shi. Mai shan asfirin bisa umarnin likita saboda zuciya kada ya daina da kansa, ya tambaya. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙa aunawa kullum a wannan makon, don abincin hutu na iya motsa su.

Idan zaƙi ya kayar da kai

Wanda aka yi wa baifas, da wasu masu silib, sun san wannan yanayi. Minti 10 zuwa 30 bayan cin abu mai zaƙi ko mai maiƙo, sai zufa, bugun zuciya, jiri, murɗawar ciki, wani lokaci gudawa. Abincin ne ya zubo cikin hanji da gaggawa ya jawo ruwa daga jini. A kwanta na rabin awa, yana wucewa, daga baya a kurɓi ruwa.

Akwai na biyu da ke zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku: rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa mai tsanani, ruɗewa. Wannan sukarin jini ne ya faɗi, saboda jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima. Idan akwai na'urar awo kuma ta nuna ƙasa da 70, a sha sukari kimanin giram 15, wato babban cokali ɗaya na zuma ko na sukari a ɗan ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, sannan a bi da ƙwai ko gyaɗa ko kindirmo don kada ya sake faɗuwa. Kada a tuƙa mota ko babur a wannan hali. Idan abin na maimaituwa ko ya taɓa kai ka ga suma, likita ya sani.

Mataki na takwas: motsa jiki, sannan duba bayan mako biyu

Tafiya a ƙafa ta isa. Minti 20 zuwa 30 bayan Asuba kafin rana ta buɗe, ko bayan La'asar sakaliya. Masallacin da ya ɗan fi nisa, ko zagayen tsakar gida ga wadda ba ta fita. Tafiya na sauke kumburin ƙafa, tana kuma motsa hanji.

Bayan mako ɗaya ka hau sikeli, bayan na biyu ka sake. Yawanci za ka tarar mafi yawan ƙarin ya tafi. Idan kilo ɗaya ya rage, ci gaba da tsarin, zai bi. Idan kuwa lambar na hawa, ko ka kasa daina ciye-ciyen, ko kana ci a ɓoye, ko baƙin ciki ya zauna maka, lokacin kiran likita ya yi. Mutane na gudun wannan kira saboda kunya, su ce sai sun rage tukuna. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Dawowar wani ɓangare na nauyi bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu abu ne da likitocin wannan fanni ke gani kullum, kuma suna da abin yi: gyaran tsarin abinci, gwajin jini, duba tumbin, wani lokaci magani. Wanda aka yi wa aiki a waje ya tura saƙo can, ya kuma nemi likita da masanin abinci a nan gida da za su riƙa bibiyarsa, tare da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara.

Kafin tafiya ta gaba

Abin da ya fi wuya a hutu ba yunwa ba ce, mutane ne, kuma don ƙauna suke yi. Ka je gaida gwaggo a Wurno ko Gwadabawa, ta sa an yanka kaza, ta ga ka ci loma huɗu ka janye hannu, dole ta ce, "Ɗan nan, mi kac ci? Ko abincin namu ne bai yi ma ba?" Ƙin cin abincin babba abu ne mai nauyi a wurinmu, don haka a shirya amsa tun daga gida. "Gwaggo, wallahi ya yi daɗi. Likita ne ya yi mani aiki a ciki, ya ƙayyade mani abin da zan ci. Ki sa a zuba mani a kwano in tafi da shi, an jima zan ƙara." Da wuya dattijuwa ta ja da maganar likita, kuma tafiya da abincin na nuna ba raini ba ne. Ba dole ba ne a bayyana wa kowa irin aikin, amma mutum ɗaya cikin abokan tafiya, miji ko mata ko ɗan'uwa, ya san komai, don ya tare maka a wajen ci, ya kuma yi bayani idan an kai ka asibiti.

Cin tire ɗaya da jama'a na sa sauri, kuma ba ka sanin adadin da ka ci. Nemi ƙaramin kwano ka ɗebi naka. Inda hakan zai zama rashin ladabi, fara da nama, rage girman loma, ka yawaita hira. Ranar yawon Sallah da za a shiga gida biyar ko shida, zaɓi gida ɗaya da za ka ci abinci sosai, sauran ka karɓi ruwa ka yi godiya. A otal ɗin Makka ko Madina inda ake jera abinci kowa ya ɗiba, zagaya ka gani tukuna, ɗauki ƙaramin faranti, ƙwai ko kaza ko kifi su fara shiga, kuma zuwa ɗaya. Idan akwai abin da ranka ke so ƙwarai, masa ce ko alkaki, yanke shawara tun kafin a zauna: guda ɗaya, bayan furotin, a zaune, a gaban mutane.

A jakar hannu, ba ta kaya ba, a sa bitamin na kwanakin tafiya da ƙarin na kwana uku, gorar ruwa, gyaɗa ko garin madara marar sukari saboda tsaikon hanya, da farasitamol. A sa takarda ɗaya mai ɗauke da sunan tiyatar da ranar da aka yi ta, jerin magungunan da kake sha, gargaɗin kada a ba ka ibuprofen da danginsa, da lambar likitanka. A ɗauki hotonta a waya, a tura wa wanda za ku yi tafiyar tare.